Malama Liatu Mai Tankaɗe Hoton Ciki

Kullum da safe, kafin masu ƙosai su kwashe kaskon farko, Malama Liatu Habila takan sauka daga adaidaita a ƙofar wani ƙaramin asibiti a Tirwun. Ta gaisa da mai gadi, ta goge tsohuwar kwamfutar ɗakin hoto da bakin zanenta, ta kunna, ta ga komai lafiya, sannan ta wuce aji, lokacin da take koyarwa. Ba likita ba ce. Lissafi ta koyar a nan Bauchi har ta yi ritaya a bana, amma zuwa asibitin nan ba ta fasa ba.

Janareta ne ya haɗa ta da mutanen asibitin. Da an ɗauke wuta an tayar da shi, sai hoton ciki ya cika da layuka kamar an ja tsintsiya a kan yashi. Malama ta lura layukan a jere suke, tazararsu ɗaya. Akwai lissafin da ke warware hoto, ya tara duk abin da ke maimaita kansa wuri guda, a ɗebe shi, a mayar da sauran. Sai dai hoto yana da tsawo yana da faɗi, in aka ce kowane ɗigo sai an gwama shi da duk 'yan'uwansa, kwamfutar nan sai ta kai la'asar tana nishi. Mai ciki kuwa ba ta da wannan lokacin.

Sai Malama ta zauna ta rubuta manhaja. Ta sa kwamfutar ta bi hoton layi-layi a kwance, sannan a tsaye, kowane layi a raba shi biyu, a sake rabawa, abin da aka riga aka lissafa ba a koma masa. Kafin a shanye kofin shayi hoto ya fito. In ka yabe ta sai ta ce, "Dabarar tana cikin littattafai, ni dai na ɗinka ta daidai jikin kwamfutarmu."

Ranar da ta yi wa Azumi, nas ɗin ɗakin, wannan bayani, Azumi ta saurara har ƙarshe ta ce, "Au, duk wannan dogon turancin, ashe tankaɗe ne, Mama!" Sunan ya zauna ke nan.

Azumi ce ta ba da labarin Hauwa'u, wadda aka kawo daga wata ruga a bayan Zungur, ciki wata takwas, tana zubar da jini. Dakta Badruddeen yana son ya ga inda mabiyiya ta kwanta. In ta tare hanya, naƙuda a gida na iya tafiya da uwa da ɗa. Ga shi babu wuta, hoto duk zane.

Mijinta Abdulsalami ya matsu. "Likita, jini ya tsaya. A ba mu magani mu koma, haihuwarta uku duk a gida."

"Malam, zauna, ba guduwa rugar za ta yi ba," in ji Azumi. "Bari a tankaɗe."

"A tankaɗe me? Matar tawa?"

Hoto ya fito, da ɗan sauran duhu. Azumi ta ce, "Mama, ƙara masa, ya fita fes."

"A'a, 'yata. In na matsa, har abin da Dakta ke nema zai bi tsaki." Ta jera na asalin da tankaɗaɗɗen gefe da gefe, kamar yadda take yi kullum, ta ja kujera baya. "Dakta, ga su. Gani naka ne."

Ya duba wannan, ya duba wancan. Mabiyiya ta rufe hanya ruf. Ya juyo da allon ya nuna wa Abdulsalami da yatsa, nan take mutumin ya ce a kira mota. A babban asibiti aka yi mata tiyata, aka ciro 'ya mace da ranta.

Malama, ke ce mai tankaɗen da ba ta zubar da gari. Ke ce kika san inda aikinki ya tsaya, ba ki taɓa ce wa mai ciki ga abin da ke damunta ba. Mu iyaye mata da muka kwanta a gadon ɗakin hoton nan, mun gode. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ƙara lafiya. Masu ilmin lissafi na garin nan, ku leƙa asibitin unguwarku ku tambayi abin da ya fi ƙarfin injinsu. Ku kuma je ku koya a wurin Malama tun tana da ƙarfin koyarwa.

Bayan arba'in Hauwa'u ta dawo awo da jaririyarta a goye. Ta tarar da wata dattijuwa zaune a benci a ƙofar ɗakin hoto, ba ta gane Malama ba ce, ta ɗauka jinya ta zo. Ta rusuna ta ce, "Sannu Inna, ya mai jiki?"

Malama ta leƙa fuskar jaririyar, ta gyara mata hula. Ta ce, "Da sauƙi sosai."