Ƙarfen da Bai Lotsa Ba

Shekara talatin da takwas Guduma ya yi yana miƙe jikin motocin da suka lotsa. Ba shi ne sunansa na yanka ba, amma ko matarsa in ranta ya ɓaci da shi take kiransa. Garejinsa rumfar kwano ce a bayan tashar mota, ƙasanta ya yi baƙi ƙirin da mai, tsofaffin ƙofofi jingine da bango. Kunnensa na hagu ya daɗe da yin ritaya saboda bugun ƙarfe, shi ya sa in ana gaya masa abin da ba ya so, wannan kunnen yake juyowa.

Mutum ne da ya tsani lotsawa. Ko kwanon cin abincinsa ne ya faɗi, sai ya daidaita shi kafin ya kai loma. Motocin zamani kuwa ba ya ganinsu da gashi. "Gwangwanin madara ne," in ji shi. "Akuya ta goga jiki sai gaban ya shige ciki. Mu a zamaninmu mota ce ke karya bishiya."

Yana da ƙane guda, Auta, wanda ya riƙe tun rasuwar mahaifinsu, har ya yi masa aure. Ranar da Auta ya sayi 'yar ƙaramar mota zai fara tasi, wurin yayansa ya fara kai ta. Guduma ya ƙwanƙwasa gabanta da yatsa, ya yi tsaki. Ya cire bambar roba ya jefar, ya yanko bututun ƙarfe mai kaurin dantse, ya yi masa walda daga gaba har cikin shasi, wato ƙashin jikin motar, ya toshe duk wani rami da masu ƙera motar suka bari. Kwana uku ya yi a kai, ya ajiye aikin kowa.

"Je ka," ya ce. "Yanzu ko bango ka daka, bangon ne zai ji jiki."

Wata bakwai bayan nan, ana ruwa da hantsi, taya ta fashe wa Auta, ya daki ginshiƙin gada. Ba wani gudu yake ba, har bel ya ɗaura. Waɗanda suka gani sun ce motar ta bugi ginshiƙin ta yi tsalle da baya. Da aka jawo ta gareji, fitila ɗaya ce kawai ta fashe. Auta kuwa ƙashin bayansa ya taɓu, ƙafafunsa suka daina ji.

Mutane suka riƙa zuwa kallon motar suna shafa bututun. Shi ma Auta, daga kan kekensa na guragu, duk wanda ya zo dubiya magana ɗaya yake ji: "Bayan Allah, ƙarfen Yaya ne ya cece ni." Guduma na baƙin cikin ƙanensa, amma gaskiya ɗaya ce, yabon ya yi masa daɗi. Direbobi huɗu suka kawo motocinsu, ya yi musu irin aikin, har da ƙarin kauri.

Yana kan ta biyar babbar 'yarsa ta shigo. Kimiyya take koyarwa a makarantar sakandare, shi ya sa yake tsokanarta da Malama. Ta daɗe tana tsaye tana murza bakin mayafinta kafin ya kashe injin walda.

"Baba, tambaya zan yi. In ka doki uwar maƙera da guduma, me ke faruwa?"

"Ke da karatunki ba ki sani ba? Guduma ta yi tsalle ta dawo, hannu ya ji har kafaɗa."

"In kwano mai laushi ka doka fa?"

"Sai ya lotsa. Guduma ta kwanta a wurin, hannu lafiya lau."

"To haka mota take, Baba. Ƙarfin gudun da ta ɗauko ba ya ɓacewa, sai ya sami inda zai sauka. Da gangan suke yin gaban da laushi. In ya murƙushe, shi ya shanye bugun, motar ta tsaya da ɗan sassauci. In kuwa ya ƙi lotsawa, tsayawar farat ɗaya ce, har ta dawo da baya, na cikin ne ke karɓar abin da ƙarfen ya ƙi karɓa." Ta saki bakin mayafin. "Wata uku ina son faɗa, na kasa."

Ya juyo mata da kunnen hagu, amma ya makara, na dama ya riga ya ji. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ba sabon abu ta gaya masa ba. Wuyan hannunsa ya san wannan tun kafin a haife ta.

Cikin mako guda ya bi direbobin nan ɗaya bayan ɗaya ya yanke abin da ya liƙa. Ɗaya ya ƙi, yana cewa tsufa ne ya fara taɓa Guduma. Sai da Guduma ya kwana biyu yana zarya tasha, yana zama a gaban motar mutumin kamar mai gadi, sannan direban ya yarda.

Yanke ƙarfe abu ne mai sauƙi. Auta ne ya gagara. Kullum da yamma Guduma kan je ya ɗaga shi daga keke, ya kai shi banɗaki, ya shafa masa mai a ƙafafun da suka fara sirancewa. Kullum da maganar a bakinsa yake shiga, da ita yake fitowa. Tsoro yake kada yaron da ya goya ya dube shi ya ga wanda ya gurgunta shi. Abinci ya daina shiga, matarsa har ta fara zargin ciwo ne yake ɓoyewa.

Wata ranar Talata yana durƙushe, ƙafar Auta a kan cinyarsa, sai kawai ya ji bakinsa ya buɗe.

"Auta, ƙarfen nan bai cece ka ba. Shi ne ya karya ka. Ni na karya ka."

Fanka na juyawa a sama. A tsakar gida matar Auta na wanke kwanuka.

"Na sani, Yaya."

"Ka sani?"

"Tun a asibiti. Na nuna wa likita hoton motar a waya ina alfahari, ya girgiza kai, ya yi min bayani."

"To me ya sa kake ta yabona a gaban mutane? Mota huɗu na ƙara yi saboda maganarka!"

Auta ya sunkuyar da kai. "Wannan ban yi tunaninsa ba, Allah ya yafe min. Ni dai na ga ɗayanmu ya riga ya karye. Ban ga amfanin mu zama biyu ba."

Da zagi Auta ya yi, da ya fi masa sauƙi. Guduma ya ƙara lakato mai. Hawaye na ɗiga a kan hannunsa, ya ci gaba da shafa man, a hankali, a ƙafar da ba ta jin komai.

"Yaya," in ji Auta, "ɗayar ma tana jira."