Inna Mai Jakar Takardu

Ƙarfe bakwai na safe take shigowa otal ɗin ta ƙofar baya, ta sa rigar aiki, ta tura keken zannuwan gado zuwa hawa na huɗu. Ɗaki goma sha takwas ne nata. Shekara ashirin da shida tana gyara gadon da wani ya kwana, amma mu baƙi ba mu san fuskarta ba, don kullum a gurguje muke, waya a kunne, jaka a hannu. Ma'aikata Inna suke ce mata. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, gwiwa ta ƙi.

Inna ba ta iya karatu ba, shi ya sa ta kafa wa kanta doka: takarda mai rubutun hannu ba ta shiga shara. Ko a kwando ta same ta a dunƙule sai ta warware ta, ta sa a wata jaka da ta ɗinka da kanta, kowane ɗaki da aljihunsa, ta ajiye sati biyu. Manaja ya yi faɗa har ya gaji. Mai karɓar baƙi ta ce ta ga wani da ya dawo daga tasha yana haki, ya karɓi lambar wayar likitan mahaifiyarsa daga jakar nan.

Ni awon fili ne sana'ata, kuma mutum ne ni mara natsuwa, ban ɓoye ba. Bara na yi kwana uku cikin rana ina awo, littafina ya cika, na rubuta sauran lambobin a bayan takardar otal. Wajen kwashe tarkacen tebur na haɗa da ita na jefar. Washegari ƙarfe goma zan miƙa rahoto, ga shi oga ya riga ya ce kuskure ɗaya ya rage min a wurinsa. Na zazzage jaka, na ɗaga katifa, na leƙa ƙarƙashin gado sau uku kamar takardar za ta ji tausayina ta fito. Na tuna 'ya'yana huɗu. Na fito waje ko takalmi babu.

“Ɗana, lafiya kake ta kai da komo?” in ji Inna.

“Takarda ce, Inna. Jiya na jefar da ita da hannuna.”

“Mai tabon shayi, ko mai ƙananan lambobi?”

Na ce mai lambobi. Ta zaro ta daga jakar, ta shafe ta a cinya ta miƙo min. Na tambaye ta yadda ta san tana da amfani.

“Ni ban san me ta ce ba. Na dai ga an danna biro sosai, na ce mai ita ya sha wahala.”

Inna, ke ce mai ganin gumin mutum a takardar da shi kansa ya yar. Har yau ina bakin aikina, kuma ke ce sila. Na gode, Allah ya ba ki lafiyar gwiwa, ya sa ki huta cikin jikokinki.

Ku masu tasowa a aikin nan, ga abin koyi. Jiya da na sake sauka a otal ɗin, a gabana Inna ta ja kunnen matar da za ta gaje ta. Ta ce, “Ke kin iya karatu, 'yata, shi ne abin da nake tsoro. Za ki duba takarda sau ɗaya ki ce ba komai ba ce.”