Wanda Ya Fara Zuwa Jaje

Jama'a, yau an gano wanda ya ƙone min rumbun albasa a Goronyo!

Duk mun ɗora ma Sani mai zafin kai, don ya taɓa zagina cikin kasuwa. Ashe maƙwabcina ne, mai fara'ar nan da ya riga kowa zuwa jaje. Matatai ta tona shi.

Nan take na kira ƙanwata, ma'aikaciyar asibitin ƙwaƙwalwa. "Mi ke damun irin wanga mutum?"

Ta ce, "Yaya, marasa tausayi iri biyu na. Guda fushi ka tunzura shi, kowa na gani. Guda ko tsarawa yake cikin sanyi, shina murmushi, babu nadama."

Shekaru ina kaffa-kaffa da mai hayaniya, ina cin tuwo da mai murmushi. Ku wa kuke tsoro?