Mai Tsintsiya da Takardar Sallama

Shekara goma sha tara Mai Tsintsiya ya yi a ofishin masu rubuta manhaja, a teburin da ke jikin taga. Sashensu ne ke kula da yadda kwamfuta ke adana fayiloli, amma shi bai taɓa ƙirƙiro komai ba. Shara yake yi. Layin rubutun manhaja da ya yi tsawo ya raba shi biyu, abin da wani malalaci ya kira "abu2" ya raɗa masa sunan kirki, umarnin da aka maimaita sau uku ya mai da shi ɗaya. Ƙarƙashin kowane gyara sai ya rubuta da alfahari: "Aikin na'ura bai canza ba."

Ana nan sai aka kawo sabon manaja, ya ce duk wanda bai nuna abin da ya canza a bana ba ya kama gabansa.

Mai Tsintsiya ya kunna masa tsohon tsari da sabo gefe da gefe.

"Malam, ai duk ɗaya ne," in ji manaja.

"Madalla! Gyara ɗari huɗu ke nan, ranka ya daɗe, ko ɗaya bai nuna ba."

Da ya ba matarsa labari ta riƙe haɓa. "Maigida, kai ma ka ɓata wani abu mana, gobe ka gyara a gabansa!"

Ya gwada, bawan Allah. Ya karkata layi guda, ya tafi shan ruwa. Sai ya dawo da gudu ya miƙe layin.

Ranar Litinin manaja ya miƙo masa takardar sallama, shafi uku, ya ce ya karanta kafin a sa hannu. Mai Tsintsiya ya karanta, idonsa ya ciko, ba don korar ba: jimlar farko kaɗai layi goma sha ɗaya ce. Ya zaro biro. Ya soke maimaici, ya kwashe "bisa la'akari da" guda bakwai, ya share duk abin da ba ya ɗauke da komai. Layi ɗaya ya rage: "An kore shi don bai ɓata komai ba."

"Ma'anar ba ta canza ba, ranka ya daɗe. Sa hannu a nan."

Manaja ya karanta sau uku, yana sosa ƙeya.

"Haka na rubuta?"

"Haka ka rubuta."

Manaja ya ninke takardar ya cusa a aljihu. "Koma teburinka, Malam. Kuma don Allah kada ka kusanci rahotona na shekara."