Wayar da Ta Tambayi Sunan Ɗan Fari

Shekarun baya, wata ranar Laraba da ƙarfe goma da kwata na safe, wata dattijuwa ta kife wayata a kan tabarma, ta ce mini za ta je ta duba albasarta. Na san lokacin ne don na kalli agogo na rubuta, kamar yadda nake rubuta komai a wancan zamani. Ban san daga nan aikina na shekara guda ya fara karkacewa ba.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a a Maraɗi, ina rubuta memwar, wato littafin binciken da ɗalibi ke karewa gaban malamai kafin a sallame shi. Nawa binciken a kan yadda manya ke koyon karatu ta waya ne. Ni da wani abokin karatuna muka haɗa 'yar ƙaramar manhaja. Shi ya iya ordinatar, wato kwamfuta, ni kuwa ban iya komai ba sai karance-karance. Na karanta cewa babba ya fi saurin riƙe abin da ya shafi zuciyarsa, don haka na ce kada mu fara da jera baƙaƙe kamar 'yan lakwal, wato makarantar boko, mu fara da sunaye. Mace ta danna madanni ta faɗi suna, wayar ta nuna mata shi da manyan baƙaƙe, ita kuma ta bi su da yatsa. Darasi na ɗaya sunanta ne. Na biyu sunan garinsu. Na uku sunayen 'ya'yanta, kuma da yake ni mai son tsari ce, na ce a bi su daga babba zuwa ƙarami.

Wasunku da ke karantawa sun riga sun riƙe baki, na sani. Ni ban riƙe ba. Da Faransanci na tsara darussan a takarda, kuma a can maganar ba ta da wani nauyi. Abokina kuwa a Yamai ya tashi, abin da na ba shi kawai yake zubawa cikin ordinatar.

Na samu matan wata ƙungiya da ke noman garka a bakin tabkin Madarumfa suka yarda su gwada. Dokar gwajin ita ce a zauna da mace ɗaya ɗaya, a miƙa mata waya, mai bincike ya yi shiru ya kalli abin da hannunta ke yi, kada ya taimaka, kada ya katse. Tun da aka haife ni ba a taɓa ba ni dokar da ta dace da ni kamar wannan ba. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, ga shi an ce shiru shi ne aikin.

Muka shimfiɗa tabarma a inuwar bedi, wato bishiyar darbejiya. Darasi na ɗaya ya tafi lafiya lau. Dattijuwar da na ambata, wadda ita ce shugabar ƙungiyar, ta faɗi sunanta, baƙaƙe suka fito, ta tsura musu ido.

"Wai ni ce wannan? Ashe ban da yawa," in ji ta. "Na zaci zan cika gilashin."

Ta bi baƙaƙen da yatsa mai kaushin ƙasa, tana dariya. Na biyu ma haka. Sai muryar wayar ta ce, "Yanzu faɗi sunan ɗanki na fari." A nan ta kife ta, ta tuna da albasa.

Mace ta biyu ta ja mayafi ta rufe baki tana ƙyalƙyala, ta miƙo mini wayar. Wata ta ce ai wayar ta gaji, a bar ta ta huta. Wata matashiya mai goyo ta sunkuyar da kai tana tonon ƙasa da tsinke har hasken gilashin ya mutu. Kowacce in na tambaye ta a ƙarshe yadda ta ga abin, sai ta ce, "Madalla, ɗiyata, Allah shi yi albarka." Ni kuma in rubuta: ta tsaya a darasi na uku, ta ce ta gamsu.

Da na koma Maraɗi, abokina ya duba ya ce, "Madmazel, madannin ne. Ya yi musu ƙanƙanta." Muka ƙara masa girma. Na koma bakin tabki, aka sake tsayawa a wuri guda. Muka mai da shi kore. Muka rage saurin muryar. Muka cire muryar namiji muka sa ta mace. Har na karanta wani dogon babi a kan yadda ƙwaƙwalwa ke gajiya in aka ɗora mata sabon abu da yawa, na zo na raba darasin biyu. Duk a banza. Matan ma suka fara raguwa. Shugabar ta ce mini, cikin ladabi, aikin ban ruwa ya yi musu yawa kwanakin nan.

Malamin da ke duba aikina mutum ne mai haƙuri, amma wata rana ya cire tabarau ya ajiye a tebur.

"In watan nan ya ƙare ba ki kawo mini dalili ba, ba zan sa ki cikin masu karewa bana ba. Sai baɗi. Kin tambaye su kuwa?"

"Malam, an ce kada a katse su."

"An ce kada ki katse su suna gwaji. Ba a ce ki rufe baki har ki bar garin ba."

Na ce to. Amma gaskiya ban san ta yadda zan kalli sa'ar kakata in ce mata me ya hana ki ba. Na ɗauki jakata na tafi gida Madarumfa, zuciyata cike da tunanin sake shekara guda, 'yan ajinmu duk sun wuce sun bar ni.

Washegari da la'asar mahaifiyata na zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ni ina gefe ina juya waya.

"Ke, tun jiya ba ki ci abin kirki ba. Mi wayar ga ta yi maki?"

Na ce, "Inna, ko za ki gwada mini?"

Ta share hannu a zane ta karɓa. Ba ta taɓa shiga lakwal ba, amma ba ta tsoron sabon abu. Ta faɗi sunanta, ta bi baƙaƙen, ta ce ashe abin ba wuya. Ta faɗi Madarumfa, ta yi mitar tsawonsa. Sai muryar ta yi tambayarta ta uku.

Inna ta ɗago ta kalle ni, ta kau da kai da sauri. Ta kife wayar a kan tabarma.

"Bari in duba tukunya," in ji ta, ta tashi.

Na bi ta da ido har madafa. Murhu a sanyaye yake, ko itace ba a sa ba.

Ni ce 'yar farinta. Tun tasowata ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini, ko "ɗiyar ga", in kuma da ƙannena take magana ta ce "yayarku". Haka uwa ke kunyar ɗan fari a wurinmu, kuma na san da haka kamar yadda na san hanyar rijiya. Amma na ɗauki waya na bi iyayen mutane har garkarsu, ina so su faɗi sunan da ba su faɗi ko a cikin ɗaki, ni kuma ina zaune da biro ina jiran in ji. Dariya ta kama ni har na kwanta a kan ɓawon gyaɗa.

Daga madafa na ji Inna na cewa, "Mi ya samu ɗiyar ga kuma?"

Na kira abokina na faɗa masa. Ya ce, "Kai! Wallahi kakata ma haka take yi wa babana."

"To me ya hana ka faɗi?"

"Ke 'yar Madarumfa ba ki faɗi ba, sai ni ɗan Yamai? Madmazel, kin tuna darasi na huɗu?"

Na tuna. Sunan miji ne.

"Allah ya rufa mana asiri ba su kai can ba," in ji shi.

Gyaran bai ɗauke mu lokaci ba. Muka daina tilasta wa kowa magana. Wayar ta koma jero sunaye da muryarta, mace ta taɓa wanda take so da yatsa, ko ta faɗi da baki in ta ga dama, kuma ita ke zaɓen wanda za ta fara da shi. Da na koma inuwar bedi na daure na ba shugabar haƙuri, na tambaye ta abin da ya hana su gaya mini tun farko.

"Haba ɗiyata," ta ce. "Kin zo da abinki kina murna, kina ta rubutu. Mun zaci a lakwal haka aka ce ku yi. Muka ce kada mu ɓata maki."

Wata daga baya ta ce, "Ni dai na ce wayar ga ba ta da uwa, shi ya sa." Aka kwashe da dariya, har da ni. Daga ranar matan suka dawo, har da waɗanda ban taɓa gani ba, mafi yawansu kuma da sunan auta suka fara.

Na kare memwar ɗina a wannan shekara tare da 'yan ajinmu. Babin da malamai suka fi tsayawa a kansa shi ne na darasi na uku. Har yau aikina ke nan, zama kusa da mutane suna taɓa waya ina kallon hannunsu. In na ga an tsaya, ba na saurin zargin madanni. Ina fara tambayar kaina me muka roƙi mutumin nan ya yi, kuma a gaban wa. Na kuma koyi buɗe baki in yi tambaya bayan gwaji, ko da yake har yanzu sai na daure tukuna.

Tsohuwar wayar gwajin kuwa, Inna na bar wa. Bayan wasu watanni na zo hutu, na ga wayar a kan taga na ɗauka zan sa mata caji. Manhajar kan buɗe ne a kan sunan da aka bi da yatsa na ƙarshe. Da ta buɗe, sunana na gani, baƙaƙen a karkace, an bi su an sake bi.

Na fita tsakar gida. Tana tankaɗen gari.

"Inna, wa ya rubuta wannan?"

Ta ƙara gari a rariya. Na zauna kusa da ita, na yi abin da ban saba yi ba, na sake tambaya.

"Na zaci ba kya iya wannan sunan."

Ta ci gaba da kaɗa rariya, ba ta kalle ni ba.

"Da baki ne ba ni iyawa," in ji ta. "Ba wanda ya taɓa ce mani yatsa ma na da kunya."