Awon da Ban Saurara Ba

Ranar Talata, takwas ga watan Yuli, da hantsi, Allah ya karɓi ran Mma Sanatu Wumbei, malamarmu ta aikin jinya, a wani asibiti a Tamale, bayan ta yi kwana huɗu a kwance da shanyewar ɓarin jiki. Shekarunta hamsin da tara. An yi mata sutura a gidansu na Kumbungu bayan azahar, ana yayyafi. Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma.

Mma, shugaban makaranta ya ce ni Rahinatu in rubuta wani abu a kanki, wai ni na fi kowa daɗewa a gefenki. Haka ne. Shekara uku ina ɗalibarki, shekara tara muna koyarwa tare a ofis ɗaya. Yabo suke jira in jera, kuma zan yi, don kin cancanta. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun ranar da kika faɗi, kuma ke ce kika hana mu rubuta abin da ba shi ne ba.

Ban manta ranar da kika fara kama ni ba. Ina aji ɗaya, an tura mu ɗakin maza marasa lafiya, na riƙe hannun wani tsoho na ɗan lokaci, na rubuta bugun jininsa saba'in da biyu. Ashe kina bayana. Kika ɗauki takardar, kika saukar da tabarau kan hanci, kika kira ni da sunan da kika laƙaba mini, kika ce, "Ke 'yar Napari, wannan saba'in da biyun, daga hannun Mba, dattijon nan, kika ɗauko shi ko daga gida kika taho da shi?" Duk ɗakin aka yi dariya, har tsohon. Kika sa na bi gadaje goma sha takwas ɗaya bayan ɗaya ina ƙirgawa, kina tsaye da agogo a hannu. Na yi kuka a bayan gida ranar, na kuma rantse ba zan ƙara gaishe ki ba. Washegari kika tsayar da tsohon babur ɗinki a gabana, kika ce in hau, rana ta yi zafi.

Koyarwarki ba ta allo ba ce. Da ƙwarya da 'yar tsana ta tsumma kika nuna mana yadda jariri ke juyawa ya fito. Da lemu muka koyi allura kafin a bar mu mu taɓa mutum. Amma abin da ba wanda zai manta shi ne yadda kike zama majinyaciya da kanki. Sai ki ɗaura tsohon zani, ki yafa gyale, ki hau gadon koyo, shi ke nan Madam ta tafi, wata tsohuwa daga ƙauye ta zo. Ɗaliba ta yi miki Turanci, ki ce, "Jikata, ni ban je makaranta ba, yi mini maganar gida." Ta tambaye ki ko kin sha magani, ki rantse ba ki sha komai ba, alhali ga ƙullin saiwa kin ɓoye a bakin zani, sai mai haƙuri da iya tambaya ce za ta gano. Wata rana wani ɗalibi ya kama hannunki bai gaishe ki ba, kika fizge kika ce, "Ɗan nan, akuya ka zo saya?" Yaron nan yau shi ke riƙe da asibitin wani gari, kuma an ce ko jariri aka kawo masa sai ya gaishe shi.

A wajen gwaji ma hanyarki daban ce. Ba ki taɓa ce wa ɗalibi ya faɗi ba, sai dai ki ce bai nuna ba tukuna, kamar mangwaro. Idan ya gama aiki, kafin ki buɗe baki sai kin tambaye shi me yake ganin ya yi daidai, sannan me zai gyara. Ranar jarrabawa kuwa da tukunyar koko da ƙosai kike zuwa, kina cewa hannun da yunwa ke kaɗawa ba ya samun jijiya. Abu ɗaya ne ba ki da sassauci a kansa, wato sa hannu a littafin aikin ɗalibi. Abin da idonki bai gani ba, kunnenki bai ji ba, ko uban yaro sarki ne ba za ki sa hannu ba. Da kika ɗauko ni koyarwa, abin da kika fara miƙa mini shi ne abin sauraren bugun zuciyar nan mai kunnuwa huɗu, biyu na ɗalibi biyu na malami, don duk abin da ɗalibi ya ji malami ma ya ji. Kika ce, "Rahinatu, ga amanar. Biro na biye da kunne, ba ya gaba da shi."

To, Mma, ga abin da na yi da amanar.

Ranar ashirin ga watan Mayu muka yi wa 'yan aji biyu jarrabawar aikin hannu, su ashirin da huɗu. Kamar kowace shekara, ke ce majinyaciya a wurin awon hawan jini, ni ce mai saurare da ba da maki. Dokarki ce cewa wanda bai iya awon jini ba bai wuce ba, ko da ya cinye sauran. Dokarki ce kuma ɗalibi ba ya faɗin lamba da baki, sai ya rubuta a 'yar takarda ya miƙo mini, don kada ɗaliban da ke jira a bayan labule su ji. Ke kuwa kin juya fuska bango, kin rufe kai da gyale, kina nishin tsofaffi.

Shekara da shekaru awonki bai taɓa kauce wa ɗari da ashirin bisa tamanin ba, har muna tsokanarki cewa da shi aka haife ki. A shekarun baya nakan saurari na farkon, in ji abin da na saba ji, in sassauta. Bana ko na farkon ban saurara ba. Ana zafi, abin yana matse mini kunne, ga takardun maki a cinyata. Na rataya shi a wuya, ina duba yadda suke gaisuwa da ɗaura abin a damtse, in karɓi takarda in duba. Ɗari da ashirin bisa tamanin. Ɗari da ashirin bisa tamanin. Ina ta ba da maki, har ina jin daɗi a raina cewa ajin bana ya yi kyau.

Ta goma sha bakwai ita ce Tiyumba Issahaku, wata siririyar yarinya daga wani ƙauye a bayan Tolon, mai jinkirin aiki, wadda ba ta da ƙawaye a cikin manyan aji. Ta auna, ta saki iskar, ta sake aunawa. Ta koma ɗaya hannun ta sake. Lokacinta ya kusa ƙarewa, na buga mata biro a tebur. Ta rubuta ta miƙo: ɗari da casa'in bisa ɗari da goma. Ta tsaya tana kallona kamar tana son magana. Na nuna mata ƙofa da baki. Abin sauraren yana wuyana, Mma. Ɗaga hannu kawai zan yi in sa shi a kunne, minti ɗaya bai cika ba. Na ja layi a kan takardarta, na kira na gaba.

Da aka tashi, kina cire gyale kina murza damtse, kika ce mini, "To, likita, yaya injin tsohuwa?" Na ce, "Yana nan yadda kika san shi." Kika yi dariya kika ce, "Ni da ake aunawa sau ashirin da huɗu a yini, wa ya kai ni lafiya a garin nan?" Kin yarda da ni ne. Duk ciwon kan da kike kuka da shi a watannin nan kin ɗora wa tabarau da zafin rana, don kin san akwai kunnen malama a kan awon.

Washegari Tiyumba ta same ni a bakin ofis. Ta durƙusa ta ce, "Madam, don Allah a sake auna Mma. Wallahi abin da na ji ke nan." Na ce, "Mutum ashirin da uku kurame ne, ke kaɗai Allah ya ba kunne? Je ki koyi aiki, ki dawo watan gobe ki sake." Ta tashi ta tafi. Watan gobe ya zo, ba ta dawo ba, ni kuma ban tambaya ba.

Ranar Juma'a, huɗu ga Yuli, kina tsakiyar darasi, alli ya suɓuce daga hannunki, bakinki ya karkace. Ni na riƙe kanki a cikin mota har Tamale. A ɗakin gaggawa wata nas, tsohuwar ɗalibarki, ta ɗaura miki abin awo tana hawaye, ta ɗago ta faɗi lambar. Na zauna a ƙasa. Mutane suka zaci tausayinki ne kawai.

Bayan addu'ar uku na koma ofis na fito da takardun nan na baza a tebur. Ashirin da uku iri ɗaya, ko ɗigo babu bambanci, abin da ko a mafarki jinin mutum ba ya yi. Na kira shugabar ajin, Fuseina, na rufe ƙofa. Ba ta wahalar da ni ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Madam, ai kowa ya sani. 'Yan aji uku ne ke gaya mana tun farkon shekara. Suka ce ko me ka ji, ka rubuta na Mma, kada ka jawo wa kanka." Na tambaye ta ko ita ta ji wani abu daban ranar. Ta ce ta ji kamar ya yi sama, amma ta ɗauka kunnenta ne.

Ban ga laifinsu sosai ba. Yara ne, sun ga ƙofa a buɗe sun shiga, kuma ni na bar ta a buɗe. Na ba wa masu hadda maki, na kayar da wadda ta saurara. Mako shida da 'yan kwanaki ke tsakanin takardar Tiyumba da faɗuwarki. Ni malamar jinya ce, na san abin da ƙwayar magani ɗaya kowace safiya take yi a mako shida. Kowa na ce mini kwana ne ya ƙare, kuma na yi imani da haka. Amma ajali na Allah ne, sakaci nawa ne, ba zan haɗa su in ɓuya a tsakani ba.

Na kai wa shugaban makaranta, Mista Dokurugu, takardun da bayanin komai a rubuce. Ya karanta, ya cire hula ya shafa kai, ya ce, "Rahinatu, wadda ta tafi ta tafi. In kika tayar da wannan, aikinki ne zai shiga haɗari." Na ce na sani. An tsayar cewa duka ajin za su sake awon, da wani malami daga waje, ni kuma kwamiti zai zauna a kaina. Duk abin da suka yanke, bai kai abin da nake ji ba.

Saura Tiyumba. Ranar Asabar na hau babur na nemi ƙauyensu. Na same ta a tsakar gida da mahaifiyarta, hannunta dumu-dumu cikin kwano suna bugun man kaɗanya. Ta ba ni kujera, ta kawo ruwa, ta yi mini gaisuwar rashinki kamar ban taɓa yi mata komai ba. Uwar ta ce tun da yarinyar ta dawo ta ninke fararen kayanta ta sa a ƙasan akwati, ta ce ita ba za ta je ta kashe 'ya'yan mutane da kunnen da ba ya ji daidai ba.

Na faɗa wa Tiyumba duka, ban rage ba. Na roƙe ta gafara a gaban uwarta. Tiyumba ta goge sauran man da ke yatsunta. Can ta ce, "Madam, da aka kai ta asibiti, nawa aka samu?"

Na ce, "Ɗari biyu da goma bisa ɗari da ashirin."

Ta rufe ido, hawaye suka zubo. Ta ce, "Ashe na ji. Da ma na yi ihu a ɗakin."

Yarinyar da na kora ce take ɗora wa kanta laifin. Na ce mata ba nata ba ne, ko ƙwayar gero, ita kaɗai ce a cikinmu ta yi miki aikin jinya ranar. Ta yarda za ta dawo ranar Litinin. Da ta rako ni bakin hanya, ta ce, "Madam, in an bar ki a aikin, ki riƙa sawa a kunne." Na ce to.

Afa Mahama, maigidan Mma, ranar addu'a ka riƙe hannuna ka gode mini a gaban jama'a, ka ce na kula da ita kamar 'yar cikinta. Na karɓi godiyar, ban gaya maka gaskiya ba. Ga shi yanzu ka ji. Kai da 'ya'yanku Suhuyini da Wunpini da sauran dangi na Kumbungu, ina yi muku ta'aziyya, ina kuma neman ku yafe mini in za ku iya. In ba za ku iya yanzu ba, zan jira.

Allah ya jiƙan Mma Sanatu, ya yafe mata kurakuranta, ya haskaka kabarinta, ya sa duk majinyacin da wani ɗalibinta ya gaisar kafin ya taɓa ya zama nauyi a mizaninta. Allah ya ba iyalinta da ɗalibanta haƙurin rashinta. Ni kuma, Mma, kin tambaye ni lafiyarki na ba ki amsar da ban ji da kunnena ba, kuma ba ni da sauran inda zan same ki in gyara. Allah ya isar miki da roƙona, ki yafe wa 'yar Napari.