Canjin Hannu a Hanyar Sakkwato

Ni mutum ne mai son tarkacen labari tun ina saurayi. Abin da ba zai ƙara wa kowa hatsi a rumbu ba, shi nake tsinta in adana. Ina da 'yar rediyo mai rigar fata da nake ratayawa a mota, duk abin da ta faɗa da safe, kafin azahar na juye wa mutanen tashar Konni shi, har da gishiri. Ni na fara gaya musu Amurkawa sun taka wata, wani mai facin taya ya ce in tambayo masa ko can ma akwai 'yan duwan, wato 'yan kwastan. Na ce musu akwai ƙasar da rana ke yin watanni ba ta faɗi ba, suka ce to mutanen can yaushe suke shan ruwa da azumi. Sai na yi fushi, don ni ba a daɗe da taɓa ni nake hawa ba.

A lokacin ina tuƙa a-kori-kura ta wani ɗan kasuwa. Ina ɗauko albasa da wake da fasinja daga wajen Malbaza, in bi ta Konni, in tsallaka Illela ta Najeriya, wani zubin har Sakkwato. Mu a nan, Faransawa sun bar mana bin hannun dama, su kuma can Najeriya, Turawan Ingila sun bar musu bin hagu. Saboda haka duk direban da zai tsallaka iyaka sai ya canza gefe. Da ka wuce sandar duwan akwai wata tsamiya a bakin hanya, nan muke karya sitiyari mu koma hagu. In za mu dawo, nan muke komawa dama. Shekara tara ina wannan, sau uku ko huɗu a mako.

Har alfahari nake da shi. Wata rana na tsallaka ina cikin cacar baki da wata mai kayan barkono, ban farga ba sai da muka shiga Illela, na ga ashe tuni ina hagu. Ban san sadda na karya ba. Na dawo tasha ina cika baki cewa ni hannuna ya san iyaka fiye da jandarman da ke gadinta.

Farkon shekarar saba'in da biyu rediyo ta ce Najeriya za ta bar hagu ta koma dama, kamar mu. An sa rana, an ce ranar kowa zai canza a tare. Na shigo tasha da labarin da zafinsa, na tara direbobi, na shiga yi musu tsiya ɗaya bayan ɗaya, ina nuna wanda zai fara mantawa ya yi wa motar mutane sumba. Akwai wani dattijon direba da ke jigilar siminti, ba shi da yawan magana. Ya bari na gama, ya tofar da tuƙar goro, ya ce:

"Yaro, mu da muke tsoron tsamiyar nan, muna tunani kahin mu karya. Kai ko ka ce hannunka ka tuƙi ba kai ba. To wa za shi gaya ma hannun naka an canza doka? Sabo turken wawa."

Aka kwashe da dariya. Na zazzaga masa rashin kunyar da har yau nake jin nauyinta, na tashi. Amma maganar ta bi ni har gida.

Na ce bari in gwada kaina tun kafin ranar. Ba zan ƙi karyawa ba, tunda har yanzu dokar hagu ce a can, amma zan tsare kaina in kama lokacin da hannun ke motsi, in zama ni na ba shi izini. Sau uku ina gwadawa. Sau ukun nan, ina cikin cewa "to ga tsamiya nan tafe", sai in ga ta riga ta koma bayana, mota tana hagu. A nan tsoro ya shige ni, tsoro na gaske, irin wanda ke sa abinci ya zama kamar ƙasa a baki. Ina kallon hannuwana a kan akushi in ji kamar aro aka ba ni su. Mutum goma, goma sha biyu nake ɗauka a baya, da mata da goyo, duk sun ba da ransu ga abin da ba ya jin maganata.

Ranar ta zo, wata Lahadi cikin bazara. Na buɗe kan mota a tasha, na shafa wa hannuna baƙin mai, na ce ta lalace. Kwana tara tana lalace. Waɗanda suka je suna dawowa da labari, wasu gaskiya wasu ƙari, cewa cikin gari 'yan sanda sun cika titi suna ta daka wa direbobi tsawa, kowa na tafiya kamar mai rakiyar gawa, amma da an fita daji kowa da Allahnsa. Ni da ke raba wa mutane labari, ranakun nan kashe rediyon na yi.

Sai dai akwai tafiyar da ba ta ɗaguwa. Innata tana ƙauyenmu, kusa da Tajaye, shekara uku ke nan yanar ido ta rufe mata ido biyu. Abin da ya rage mata shi ne bambance rana da inuwa. Mace ce da ba ta iya zama, ga shi sai an ja ta zuwa bayan gida, abin yana cin ta fiye da yadda take faɗi. Mun samo takarda tun da sanyi cewa wani likitan ido zai zo Sakkwato ya yi 'yan kwanaki, an rubuta mata ranar da za ta je. Ranar ta faɗo kwana goma bayan canjin. In ta wuce, sai wata shekarar, in da rai.

Na yi tunanin in roƙi wani ya kai ta. To wa? Mutanen da na bi ɗaya ɗaya na ce za su manta? Ban da kunya ma, ban yarda da hannun kowa ba, tunda nawa da na sani ya ci amanata.

Na je na ɗauko ta, muka kwana Konni, da hantsi na zaunar da ita gaba. Sitiyarin motocinmu a hagu yake, saboda haka tana damana. Na kama hannunta na ɗora a kan hannun rigata, na ce:

"Inna, ki riƙe nan, kada ki saki. In kin ji mota ta jirkice ta yi nesa da gehenki, ki ja ni wajenki da ƙarhi. Kada ki tambaye ni, ki ja kawai."

Ta yi dariya ta ce, "Yau makauniya ka jan mai ido? Duniya ta zo ƙarshe."

"Inna, ba wasa nike ba!"

Tsawa na yi mata, Allah Ya yafe mini. Ta damƙe rigar, ta ce, "Na jiya, direba."

Muka wuce duwan. Na hango tsamiyar tun daga nesa. Ina ta faɗi a fili, dama, dama, dama, kamar mai haddar karatu. Duk da haka, daidai inuwarta, na ji kafaɗata ta sauka, mota ta fara zamewa. Inna ta fizge ni har sai da ɗinkin rigar ya yi ƙara. Na dawo da mota. Gumi ya jiƙa mini wando.

"Ga shi nan," in ji ta. "Ashe da gaske kake."

Daga nan na ɗan sami numfashi. Muka ratsa Illela a hankali, 'yan sanda na ta nuna dama da kulake. Muka fita daji. Motoci biyu suka wuce mu, kowace a gefenta, har Inna ta fara ba ni labarin akuyarta da ta haifi uku. Hannunta dai yana kan rigata.

Akwai wani wuri kafin Gwadabawa da aka ɗaga hanya saboda ruwan damina. Ta dama kwari ne mai zurfi, da duwatsu a ƙasa, ba wurin da mota za ta raɓe. Muna kan wannan tudun na hango babbar mota mai bodin katako ta fito daga kwana, ta sha lodin rake, tana gangarowa da gudu. A gefena take. Direbanta ya manta, yana bin hagunsa na da, hagunsa kuwa shi ne damana.

Na danna ham, na kunna fitila, na taka birki. Ba ta kauce ba, kuma mota mai wannan lodi ba ta tsayawa don an so. Abin da ya kashe mini jiki shi ne wannan: in na tsaya a dama, ta niƙe mu. In na ƙara yin dama, kwari. In na koma hagu na tsira, amma sai in shi bai tuna ba. In ya tuna a daidai lokacin, shi ma can zai karyo, mu haɗu a tsakiya. Rayuwar uwata ta rataya a kan mutum ya ci gaba da mantuwarsa. Kuma ga hannunta a rigata, ni da bakina na ce ta ja.

Ba zan yi ƙarya in ce na yanke shawara ba. Na ga fuskar mutumin, na ga bakinsa a buɗe, sai na ji hannuwana sun karya hagu, irin karyawar tsamiya. Motar ta wuce ta gefen Inna, iskarta ta girgiza mu, ganyen rake ya shafi ƙofa. Inna ba ta ja ba.

Na tsaya a gefen hanya. Na buɗe ƙofa na fito, na zauna a kan matakin mota. Babbar motar ta tsaya can nesa. Direban ya tako da ƙafa, ba hula, dattijo ne mai furfura. Ba ɗan tasharmu ba ne, amma na san fuskarsa, shekaru muna gilma wa juna a hanyar nan muna ɗaga hannu. Duk zagin da ke bakina, ni mai zafin kai, ko ɗaya bai fito ba. Ya tsuguna gabana, ya ce:

"Ɗana, na tuna fa. Wallahi na tuna. Ina ganin fitilarka na tuna, na ce in karya. Hannun ne ya ƙi."

Ya leƙa cikin mota ya ga tsohuwa, ya dafe kai, ya shiga salati. Da hannunsa ya ji maganarsa, da ba mai ba da wannan labari.

Da na koma ciki na tarar har yanzu tana riƙe da iska, yatsunta a dunƙule inda rigata take. Ta lalubo ta sake kamawa. Na ce, "Inna, kin ji na yi hagu?"

"Na jiya."

"Mi ya hana ki ja?"

"Mai mantuwa sannu shika zamewa, kamar ɗazu. Wannan ko ka karya kamar wanda ya taka maciji. Na ce yaron ga wani abu ya gani wanda ban gani ba." Sai ta juyo wajena. "Mota ce?"

Na ce wata 'yar mota ce, ta wuce. Sauran tafiyar, mai jaki ma da ya so da ya riga mu shiga Sakkwato.

An yi mata aiki a ido ɗaya. Ta yi mako biyu a asibiti da gidan wata 'yar'uwarmu, aka ba ta tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ranar da na koma ɗaukarta ta daɗe tana kallona, ta ce na rame kuma na yi baƙi, wa ke ba ni abinci. A hanya ba abin da ya wuce ta. Shanu, rumbuna, matan da ke ɗauke da itace, duk sai ta faɗi sunansu kamar yaro mai koyon magana. Ni ma na saki jiki, har na ba ta labarin ƙasar da rana ba ta faɗuwa, ta ce ƙarya nake.

Mun hau tudun nan ta ɗaya ɓangaren, ta leƙa ta gefena ta ga kwarin da duwatsunsa. Can sai ga wata babbar mota mai bodin katako ta taho, tana bin hannunta na dama, lafiya lau. Inna ta bi ta da kallo tun daga nesa har ta zo ta rufe mana rana ta wuce. Na ga ta maƙale a jikin ƙofa.

"Irin wagga ce, rannan?"

Na ce irinta ce.

"Kuma ta gehena ta biyo?"

Na ce ta gefenta.

Ta cire tabarau ɗin, ta riƙe shi a cinya.

"Da ina gani rannan," ta ce, "da na ja ka. Wallahi da hannu biyu zan ja ka."